Tsofaffin bindigogin soja a gidajen Suwizalan

Yaya, na ga saƙonka, kuma na san hoton nan da na turo ne ya tayar maka da hankali. Bindigar da ka gani ta maƙwabcina ce, ba tawa ba, kuma ba shirin wani tashin hankali ake yi ba. Ka tambaya me zai sa dattijo mai hankalinsa ya jera bindigogi a ɗaki yana shafa musu mai. Ga yadda abin yake a nan.

A ƙasar nan aikin soja wajibi ne a kan maza. Saurayi zai yi horo, ya koma sana'arsa, a riƙa kiransa lokaci-lokaci, bindigarsa kuma tana gida. In ya gama wa'adinsa, akwai hanyar da zai bi ta zama mallakinsa, sai a buga mata harafin P. Da haka tsofaffin bindigogin soja suka cika gidaje, ɗa ya gada wajen uba.

Wadda aka fi tarawa ita ce K31. Ma'aikatar makamai ta gwamnati da ke Bern ce ta ƙera ta daga 1933 zuwa 1958, fiye da rabin miliyan. Kafin ita akwai K11, da ta 1889 wadda ake kira Schmidt-Rubin, da sunan Rudolf Schmidt da ya tsara bindigar da Eduard Rubin da ya tsara harsashinta. Sakatarsu ba a murɗa ta, ja kawai ake yi baya a tura gaba. Tunda Suwizalan ba ta shiga yaƙin duniya ko ɗaya ba, bindigogin nan ba su sha wahalar fagen fama ba. Harsashin K31 da ake kira GP11 ma ba ya cin ƙarfe, shi ya sa za ka leƙa bututun wadda ta shekara 80 ka gan shi yana ƙyalli. Ƙotar ce dai takan sha jiki, duk ta farfashe saboda ƙanƙara da takalman soja masu ƙusa.

Abin da ya fi burge ni yana ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke gindin ƙotar. In an kwance ƙusoshi biyu, sau da yawa akan tarar da 'yar takarda ɗauke da sunan sojan da aka ba bindigar, da shekarar haihuwarsa, da rundunarsa, da garinsu. Masu tarawa ba sa wasa da wannan takarda. Za su karanta, su ɗauki hoto, su mayar da ita inda take. Wanda ya jefar da ita, a wurinsu, ya yi ɓarna.

Kuma a nan ne adanawarsu ta bambanta da tunaninmu. Mu in abu ya tsufa, sai mu kai wa kafinta ya goge ya shafa masa fenti ya koma sabo. Su kuwa wanda ya sa samfefa a ƙotar K31 ya zubar mata da daraja, har da kuɗinta. Tabon nan shi ake so a gani. Abin da suke yi kaɗan ne: su share ƙarfen, su shafa masa giris irin wanda sojoji suka saba amfani da shi, su ajiye inda babu danshi. Sannan su duba lamba. In lambar sakata da ta gidan harsashi da ta jikin bindigar duk ɗaya ne, to ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Har itacen ma ana dubawa, domin na farko-farko walnat ne mai duhu, daga wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka koma wani itace mai haske.

Ba ajiya kaɗai ake yi ba. Ƙauyuka da yawa suna da filin harbi na mita 300, kuma duk shekara ana gasar da suke kira Feldschiessen, inda tsoho zai zo da K31 ya kayar da samari. A Zurik ma akwai gasar yara 'yan shekara 13 zuwa 17 a watan Satumba, kuma tun 1991 'yan mata ke shiga.

Kada ka ɗauka sakaka ake. Sayen irin wannan bindiga sai da rubutacciyar yarjejeniya, a aika wa hukumar jiha kwafi cikin kwana 30. Tun 2007 aka daina bai wa sojoji harsashin ajiyewa a gida, a 2019 kuma jama'a suka kaɗa ƙuri'ar ƙara tsaurara doka. Ba kowa ke son al'adar ba, akwai masu cewa bindiga a gida takan jawo kisan kai, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Mu 'yan Afirka da ke nan, galibinmu kallo ne namu. Batun in sayo maka guda ka rataye a zaure kuwa, Yaya, ka bar shi. Ko a nan aka yarda, dokar Najeriya ba za ta bar mu ba. A gaida su Inna da yara.