Tambaya da Amsa: Hoton ƙauyenmu da na haɗa da ƙyallaye ya kumbure

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni tela ce a wani ƙauye nan bayan Ringim, ragowar ƙyallayen da ke taruwa min bayan ɗinkin sallah har buhu suke cikawa, da yara ne ke kwasa suna 'yar tsana dasu, to sai na fara jera su a jikin farin yadi ina fitar da hoton garinmu, gona da rumbuna da wata kuka da ke bakin hanya, in rataye a ɗaki. Na farko da atamfa zalla nayi kuma yayi kyau ba laifi. Na biyun ne nace bari in ƙara kaya, na sa buhun algarara a matsayin ƙasa, karan dawa nayi danga dashi, audugar rimi gajimare, na barbaɗa yashi na gaske a kan gam saboda hanya, sama kuma wani shuɗin ƙyalle ne na rini. Ana shiga damina abu ya kumbure ya lanƙwashe, shuɗin ya ɓata gajimaren, karan kuma wani gari-gari ke zubowa daga cikinsa. Dan Allah haɗa kayan ne bai dace ba ko ni ce ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Haɗin ya dace mana, kuma ni na biyun nan da ya lalace yafi burge ni a kan na atamfa zalla. Matsalar itace kin tara kaya kala biyar a wuri ɗaya kowanne da halinsa, baki tambayi kowa yadda yake da ruwa ba.

Fara da kumburin. Yadin auduga in ya sha ruwa karon farko ja yake, leshi da yadin roba kuwa ko a jikinsu, shi kuma algarara shan danshi gare shi kamar me, da iskar damina ta kaɗo zai saki jiki in an shiga hunturu ya ƙanƙance, to kinga in kika manna su duka a kan farin yadi mara kauri kowa ja zai dinga yi ta ɓangarensa har abin ya tattare. Kafin ki sa almakashi ki wanke kowane ƙyalle daban, ki shanya ki goge. Algararan ma ki jiƙa shi ki kakkaɓe, dama galibi akwai ragowar hatsi a saƙarsa kuma shi ke kiran ƙwari. Yadin da zai ɗauki aikin ya zama mai kauri ko ki ninka shi biyu, ki ɗame shi a kan katako da ƙananan ƙusoshi tun kafin ki fara, ba sai kin gama ba. Kuma ke fa tela ce, me ya kai ki dogara da gam? Duk abinda allura zata shiga ki ɗinke shi, gam ɗigo kawai na riƙe wuri kafin ki bi da zare. Farin gam na kafintoci irin Top Bond yana yi in ba'a cika shi ba. Amma kunun fulawa ko sitati kar ki soma, abincin kyankyaso ne da ɓera. Ƙaro ma nasan a arha yake a wajenku sai dai ruwa ke narkar dashi, da danshi ya laushi, da hunturu ya tsattsage.

Shuɗin nan kuwa in rinin baba ne to halinsa kenan, a saman zare yake kwanciya shi yasa yake goguwa, ai kinga turkuɗin da ake yi a Kura yadda yake barin shuɗi a fatar Buzaye, su kuma abinda suke so kenan. Ki ta ɗauraye shi har sai ruwan ya fito fes, in ya bushe ki jiƙa farin tsumma ki goga da ƙarfi, in ya ɗauko launi ki sake komawa ruwa. Amma kar wannan yasa ki guje shi dan wallahi babu abinda ke fitar da sararin sama irinsa. A karofin Ƙofar Mata da ke Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, baba da toka da kanwa ake haɗawa, a tsoma yadi a ɗago ya sha iska, yana fitowa kore-kore sai ki ga ya juya shuɗi a gabanki, kuma yawan tsomawa shi ke ƙara masa duhu. To in kina da mai shiga birni ki bada farin yadin auduga a yanka gida uku, ɗaya a ɗan tsoma kaɗan, ɗaya matsakaici, ɗaya ya turu sosai. Mai duhun can sama, mai hasken ƙasa inda sama ta haɗu da gona, haka idonmu ke ganinta in kin tsaya bayan gari da hantsi.

Audugar rimi santsi gare ta bata riƙe gam, tana tara ƙura kuma wuta na kama ta nan da nan, in dai kina sonta ki tura ta ƙarƙashin farin ƙyalle shara-shara ki ɗinke bakin, gajimaren zai taso yayi tudu kuma bazata taɓa shuɗin ba.

Garin da ke zubowa daga kara ƙwaro ne a ciki yake cin totuwar. Ki fere ɓawon kawai ki yar da totuwar, ki tafasa shi ki shanya ya bushe ƙayau, sannan ki ɗaure shi da zare a jikin aikin. Ni dai kaba nafi so, duba tabarma da faifai shekara nawa suke yi a ɗaki, ga ta da lanƙwasuwa, jinkar rumbu da zana duk zata fitar miki. Yashi kuma gaskiya bana sonsa a jikin yadi, nauyi gare shi kuma kullum cikin zuba yake. Ki tafasa farin ƙyalle da ganyen shayi ko dakakken goro ko lalle, zaki samu kalar ƙasa iri-iri harda jirwaye mai kyau irin na hanyar da shanu suka bi. In kin nace sai yashin to ki wanke shi ki tankaɗe, ki kwaɓa da gam ki shafa siriri a wani ƙyalle daban, ya bushe sannan ki ɗinka.

Abu ɗaya da baki tambaya ba amma zan faɗa: kar ki baza kaya masu kaushi ko'ina. Abinda ke nesa yadi mai laushi da kala a koɗe, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ko ki juya bayanta, abinda ke kusa shi zai samu algarara da kaba da zare mai kauri. Kukar nan taki ki murɗa tsumma ki yi mata jiki ta fito ɓulɓul a gaba. Kuma duk sabon abu da zaki gwada ki fara da ɗan guntu kamar tafin hannu, ki yayyafa masa ruwa ki ajiye kusa da randa ki ga abinda zai yi.

TAMBAYA: Anti ni ɗan dukawa ne daga wajen Rano, ina so in yi duwatsun garinmu da ragowar fata a kan saƙi, zai yiwu? Kuma wani abokina yace duk wani hoto haramun ne.

AMSA: Zai yiwu ƙanina, fata ma tafi komai kama da dutse musamman in ka juya cikinta mai gashi-gashi. Ka zaɓi wadda ta jemu sosai ka fefe bakinta yayi siriri, kar ka shafa mata mai dan zai naso a jikin saƙin, jar fata kuma ka gwada ta da jiƙaƙƙen tsumma tukunna tana zuba. Ka huda da basilla ka ɗinke. In zaka sa a firam gilashin kar ya taɓa aikin, kuma kar ka jingina shi kai tsaye da bangon ƙasa, ka sa ɗan katako a baya iska ta dinga wucewa saboda gara da danshi. Maganar abokinka kuma, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya cewa wani mai sana'ar zane in dole sai yayi to ya zana bishiya da abinda bashi da rai, dutse da gona nan suka faɗa. In kana son ƙara shanu ko mutane a ciki wannan kam ka je wajen malamin garinku, ni nawa allura ne da zare.