Hukuncin wanda ya Musulunta ya ci gaba da amsa sunan Delano

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan Zangon Kumasi ne, amma na daɗe ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Wani Bature abokin aikina ya karɓi Musulunci a masallacinmu kafin azumin bana. Sunan gidansu Delano. Tun ranar da ya yi kalmar shahada ake ta ja-in-ja a kansa. Wasu dattawa sun ce sunan Faransawa ne, na Nasara, dole ya yar da shi. Wani alhaji kuma, don ƙauna, ya ce ya ɗauki sunansa ya sa a gurbin na mahaifinsa, kamar yadda ake yi a gida. Wani ya ce ya ji labari dangin nan da cinikin kayan maye suka yi arziki. Shi dai bawan Allah yana son a riƙa kiransa Yusuf, amma mahaifinsa yana da rai, ya kuma ce in ya goge Delano tsohon ba zai ƙara kallonsa ba. Malam, mene ne asalin sunan, kuma me shari'a ta ce?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tabbatar da dugadugan ɗan'uwan namu a kan Musulunci, kai kuma Allah ya ba ka ladan tsaya masa.

Ya riƙe Delano. Babu laifi a kansa, kuma ba na ba shi shawarar ya taɓa shi. Abin da alhajin nan ya kawo kuwa, duk da kyawun niyyarsa, shi ne haramun a cikin duk zancen. Amma tunda malamai sun ce hukunci a kan abu yana bin fahimtar abin ne, bari mu fara kwance sunan mu ga me ke ciki.

Delano ba sunan gunki ba ne, ba na waliyyin coci ba ne. Asalinsa kalmomi biyu ne na Faransanci, de Lannoy, wato mutumin Lannoy. Shi Lannoy ƙaramin gari ne a arewacin Faransa, kusa da Lille da Roubaix, daf da iyakar Beljiyam. Garin kuma ya samo sunansa daga wata bishiya mai son bakin ruwa da Faransawa ke kira aulne, wadda ba mu da ita a ƙasarmu. Lannoy na nufin wurin da bishiyar ta yi yawa. A wasu sassan Faransa kalmar ta zama Launay, shi ya sa ake samun masu suna Delaunay, a arewa kuma har yau akwai Delannoy da yawa.

To wane Bahaushe ne zai ji wannan baƙo? Bishiya ta ba gari suna, gari ya ba mutum suna. Marigayi Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, sunan ƙauyensu na ƙasar Sumaila yake amsawa, ƙauyen kuma sunan itace ne. Haka Shagari, haka Kaita, haka Zungur, duk sunayen garuruwa ne. A littattafanmu ma abin da muke yi ke nan kullum: Bukhari mutumin Bukhara, Ƙurɗubi mutumin Ƙurɗuba. Ba wanda ya taɓa cewa jingina mutum ga garinsu kafirci ne.

Yadda sunan ya ƙetare teku kuwa labarin gudun hijira ne. A ƙarshen ƙarni na 16 yankin Lille ba ya hannun sarkin Faransa, yana ƙarƙashin Sifaniya ne, sai a 1667 Faransa ta ci birnin. Mahukuntan Sifaniya 'yan Katolika ne, sun matsa wa 'yan Furotesta masu jin Faransanci, da yawa suka tsere zuwa Holan. Cikin masu gudun akwai iyayen wani yaro mai suna Philippe de Lannoy, wanda aka yi wa baftisma a birnin Leiden a 1603. Yana saurayi ya shiga jirgin ruwa mai suna Fortune, ya sauka Plymouth a Massachusetts ta Amurka cikin Nuwamban 1621, shekara guda bayan jirgin Mayflower da ya kawo Ingilishin da suka kafa garin. Daga baya ya zauna a Duxbury. Maƙwabtansa Ingilishi ne, bakinsu bai iya de Lannoy ba, sai suka murɗe shi ya koma Delano, kamar dai yadda mu muka mai da Abubakar Habu, Usman ya zama Mani. Siffar Delano a Amurka aka haife ta, shi ya sa in ka je Faransa ba kasafai za ka ji ta ba.

Zuriyarsa ta bazu a gaɓar Massachusetts, musamman wajen Dartmouth da Fairhaven, inda suka shahara da tuƙin jiragen ruwa. Daga nan wasu suka nausa yamma. Akwai garin Delano a California, wanda aka sa wa sunan Columbus Delano, ministan cikin gida a gwamnatin Shugaba Grant, akwai wani Delano a Minnesota. Wani matuƙin jirgi daga cikinsu, Paul Delano, ya sauka Chile a zamanin yaƙinta na neman 'yanci, zuriyarsa na can har yau suna rubuta sunan Délano. Wanda duniya ta fi sani shi ne Franklin Delano Roosevelt, shugaban Amurka daga 1933 zuwa 1945, kuma shi ta wajen uwa ya samo shi, don mahaifiyarsa ita ce Sara Delano.

Yanzu mu koma ga nassi. Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, ku kira su da iyayensu maza, wannan ya fi adalci a wurin Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa sahabbai ba sa kiran Zaidu ɗan Harisa, ɗan riƙon Annabi, sai Zaidu ɗan Muhammadu, har ayar ta sauka. Ka tsaya ka yi tunani a nan, ɗan'uwa. Babu wani suna a bayan ƙasa da ya kai na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daraja. Duk da haka aka cire shi daga kan Zaidu aka mayar masa da Harisa. In ba a bar wa Zaidu sunan Manzon Allah ba, ta ina za a bar wa Yusuf sunan alhaji? Kuma hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abu Bakrata yana nan a Bukhari da Muslim: wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, alhali ya san ba ubansa ba ne, Aljanna haramun ce a gare shi.

Na san al'adar da alhajin yake nufi. A garuruwanmu wanda ya Musulunta yakan shiga gidan wanda ya ba shi kalmar shahada, a ba shi suna, a sa masa na maigidan a baya, har a takardar makaranta. Riƙon alheri ne, ciyarwar sadaka ce, amma canza uban kuskure ne da ya daɗe har muka daina ganinsa. Ita ayar ta ba mu mafita ga wanda ba a san ubansa ba: 'yan'uwanku ne a addini kuma majiɓintanku. Ba ta ce a ara masa uba ba. Balle wanda ubansa ke raye, an san gidansa.

Batun cewa sunan na Nasara ne, wannan ma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Sunayen da Annabi ya canza, ma'anarsu ya duba, ba harshensu ba. Ya mai da Asiya 'yar Umar, wato mai saɓo, ba irin sunan matar Fir'auna ba, Jamila. Ya mai da Barra Zainab saboda yabon kai da ke cikin sunan. Ya nemi ya mai da Hazn, kakan Sa'idu ɗan Musayyib, Sahlu. Duk waɗannan Larabci ne tsantsa, kuma duk sunayen masu su ne na kansu, ba na iyayensu ba. Ba mu san ya taɓa goge sunan uban wani sahabi don uban kafiri ne ba. Uwar Muminai Safiyya 'yar Huyayyu ce har ta koma ga Allah, uban nata kuwa shugaba ne cikin Yahudawan Banu Nadir, ya mutu yana gaba da Musulunci. Shi kansa Manzon Allah ranar Hunaini ya ce shi ne ɗan Abdul Muɗɗalib. Ibnul Ƙayyim ya yi bayani cewa wannan ba da labari ne game da sunan da aka riga aka sani, ba raɗa sabon suna ba ne, kuma ƙofar ba da labari ta fi faɗi.

Malaman da muke karanta littattafansu ma shaida ne. A nasabar Imam Bukhari akwai Bardizbah, sunan Farisanci mai nufin manomi, mai shi kuma a addinin mutanensa ya mutu. A Andalus, ƙasar Malikawa 'yan'uwanmu, akwai Ibnul Ƙuɗiyya masanin tarihi da lugga da ya rasu a 367 bayan Hijira, ma'anar laƙabinsa ɗan Bagotiya, wato jinin sarautar Turawan da Musulmi suka tarar a can. Akwai Ibnu Bashkuwal mai littafin As-Sila, da ya rasu a 578, wanda masana da yawa ke cewa sunan kakan nasa Pascual ne aka Larabtar. Da za a bi ma'aunin dattawan masallacinku da an fara da waɗannan. Pascual ma yana da alaƙa da idin Ista na Kiristoci, Delano kuwa bishiya ce kawai a bakin rafi.

Zancen kayan maye yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Warren Delano, kakan Roosevelt na wajen uwa, ya tara dukiya a fatauci da ƙasar Sin a ƙarni na 19, ciki har da cinikin ofiyam. Sai dai mutum ɗaya ne a reshe ɗaya na zuriyar da ta shekara ɗari huɗu tana yaɗo. Ko da ɗan'uwanmu jikansa ne kai tsaye, Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Ikrima ɗan Abu Jahil ne, bai hana shi zama sahabi ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ka isar masa, don shi ne inda masu irin sunan nan suke zamewa. A ƙasar Flanders, yankin da garin Lannoy yake, an yi wani babban gidan sarauta da ake kira de Lannoy. Ɗaya daga cikinsu, Charles de Lannoy, shi ne wanda sarkin Faransa Francis na ɗaya ya miƙa wuya gare shi a yaƙin Pavia a 1525. Wani littafin asalin dangin Delano da aka buga a 1899 ya haɗa Philippe da wannan gida, amma masu bincike na baya ba su samu hujjar da ta tabbatar da hakan ba. Mutane da yawa suna iya fitowa daga gari ɗaya su amsa sunansa ba tare da jini ya haɗa su ba, ba duk mai amsa Kano ne ɗan sarki ba. Kai, a ƙasar Egba ta Yarbawa ma akwai gidan Delano, daga cikinsu marubucin nan Isaac Delano da ya yi ƙamus na Yarbanci, kuma nasu sunan Yarbanci ne, rubutu kawai ya zo ɗaya. Don haka kada ya ce shi jinin sarakunan Turai ne ko ɗan'uwan Roosevelt sai da hujja. Da'awar nasabar da ba taka ba da guje wa taka duk ƙarya ce a kan abu ɗaya.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan cewa tsohon nan shi ne mahaifinsa na jini. Na faɗi haka ne don a Amurka ɗaukar ɗa riƙo tare da sauya masa suna a kotu abu ne da ya yawaita. In haka ne ya samu sunan, kuma ya san mahaifinsa na gaskiya, asalin hukunci shi ne ya jingina kansa ga mahaifin. In canza takardu zai jawo masa wahala mai tsanani, ya bar su yadda suke a matsayin abin da hukuma ta san shi da shi, amma ya bayyana gaskiya duk inda hukunci ya rataya a kanta, kamar aure da gado da muharramaka. Ƙurɗubi a tafsirin wannan aya ya kawo misalin Miƙdadu, wanda aka fi sani da ɗan Aswad alhali ubansa Amru ne, ya nuna babu zunubi ga mai kiransa haka don shahara, matuƙar ba nasaba yake nufi ba.

Sunan Yusuf kuwa, madalla. In yana so ya ɗauka, ya zama Yusuf Delano. Ba wajibi ba ne, sai in sunansa na yanka yana da ma'anar bauta wa wanin Allah ko wata mummunar ma'ana, kuma ba sai an yanka rago ko an je kotu ba, ya isa jama'a su riƙa kiransa da shi. In mahaifinsa ya kira shi da tsohon sunan, ya amsa da sakin fuska. Allah ya ce a Suratu Luƙman game da iyayen da ma suke yaƙin mai da ɗansu ga shirka, kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Da uwar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushirika, Annabi cewa ya yi ta sada zumunci da uwarta. Tsohon nan yana zuba ido ya ga me sabon addinin zai yi wa ɗansa. In abu na farko da ya gani shi ne an kankare sunansa, kun rufe masa ƙofa da hannunku a kan abin da Allah bai nema ba.

Ka samu alhajin a keɓe, ba a gaban jama'a ba, ka karanta masa ayar Ahzab. Ka ce masa in yana son ya zama uba ga Yusuf, ya koya masa alwala da Fatiha, ya kira shi buɗa-baki, in lokacin aure ya yi ya shige masa gaba.

Wallahu a'alamu.