Tambaya da Amsa: An tura ni bayan fage, ko raina ni aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Shekarata biyu a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna yawo ƙauyuka da makarantu muna faɗakarwa kan rigakafi da karatun 'ya mace. To yanzu za mu fita zagaye na sati 3 sai darakta ya ce wai ni ba zan hau dandamali ba, ni ne stej manaja. Wallahi abin ya min ciwo, gani nake ɗan dako aka mayar da ni. Don Allah meye ma aikin, kuma in karɓa ko in fasa tafiyar?

Daga wani matashi a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Karɓa, kar ma ka tsaya dogon tunani. Stej manaja shi ne mai kula da duk abin da ke gudana a bayan fage. Ba kowa ake ba wannan aikin ba sai wanda aka tabbatar ba ya makara ba ya mantuwa, don shi darakta da an gama riyasal, wato gwajin wasa, an fara wasa to nasa ya ƙare, sai dai ya koma cikin 'yan kallo yana addu'a, wasan na hannunka.

Fara da littafi. Ka samu babba mai kwali, ka manna rubutun wasan a shafi ɗaya ɗayan ka bar shi fari, nan za ka dinga rubuta ta ina wane zai shigo, a kan wace kalma za a kashe fitila, yaushe mai kalangu zai shiga. Da fensir fa, ba biro ba, kullum sai an canza wani abu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai wani zai ɗauki littafin nan ya ja wasan lafiya lau.

Sai teburin kaya a bayan labule. Kowane abu, ƙwarya ce ko carbi ko sandar dogari, ka ajiye shi ka zagaye shi da alli ka rubuta sunansa, kallo ɗaya za ka yi ka ga gurbin da babu komai. Ni da wahala na koyi wannan. Mun taɓa sauka wani gari ran kasuwa, fili ya cika maƙil, ashe rawanin sarkin wasanmu na can garin da muka baro rataye a darbejiya, dole mayafin wata 'yar wasa muka naɗa masa, yara na ta ƙyalƙyala dariya a wurin da ya kamata jikin kowa ya yi sanyi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maganar izini kuma kar ka yi wasa da ita. Marigayi Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo a 1945 ya yi ta yawo da ita a faɗin Najeriya, ya zo Kano da wasan da ya yi kan harbe ma'aikatan kwal da aka yi a Inugu a 1949, hukumar mulkin mallaka ta hana shi nunawa. Mutum da sunansa kenan, bare mu. Ka riga kowa zuwa gidan mai unguwa ko dagaci, ka leƙa ofishin 'yan sanda, ka ji ko ana zaman makoki a garin.

Ka lissafa lokaci da sallah, ko a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba ko a bari sai bayan Isha'i. Janareto a kai shi nesa da doguwar waya kar ya cinye muryar 'yan wasa, fetur kuma a sayo tun da rana. Mata a ware musu wurin canza kaya mai sutura da masauki nasu daban, iyayensu amana suka ba ku.

Tun kafin mota ta tashi ku zauna da darakta ku yi maganar kuɗi ƙarara, kasonka kar ya gaza na babban ɗan wasa tunda kai za ka fara sauka ka kafa kaya kuma kai za ka shiga mota a ƙarshe bayan ka ƙirga akwatuna. In kun dawo ka rubuto mana yadda aka yi. Allah ya tsare hanya.