Tambaya da Amsa: An ce za a tsallaka da mu Nijar ta daji ba tare da takardu ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu takwas ne da motoci huɗu masu fowil, Hilux uku da Land Cruiser ɗaya, muna shirin tashi daga Kano a watan Disamba zuwa Agadas, daga can kuma jagora ya shiga da mu duwatsun Abzin da bakin hamadar Tenere na kwana goma. Wanda ya haɗa mu da jagoran ya ce kada mu wahalar da kanmu da takardu, tunda dama tafiyar daji ce, zai bi da mu ta wata hanya a bayan Kwangwalam, mashigar iyaka ta wajen Daura, inda babu shinge, kowace mota ta ba da ɗan wani abu a wuce. Tun da ya faɗi haka hankalina bai kwanta ba, mahaifiyata ma ta ce in fasa. Me ya kamata mu shirya, kuma maganarsa tana da tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, kuma Hajiya ta fi wannan dillalin hangen nesa.

Maganar mota ba zan tsaya a kanta da yawa ba, domin wanda ya mallaki fowil ya san abin da bakanike zai duba. Kowace mota ta ɗauki tayar safaya biyu, da famfon iska mai aiki da batir, da shebur, da farantan ƙarfe na fita daga yashi, da igiyar ja, da matatar iska da ta mai na canji, saboda ƙurar hunturu tana toshe matata a cikin kwanaki kaɗan. Idan kun shiga rairayi mai laushi ku rage iskar taya zuwa kusan 18 a ma'aunin masu faci, da zarar kun hau duwatsun Abzin kuma ku mayar da ita, in ba haka ba dutse zai yanke gefen tayar. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, ban da na girki da na lagireto, sannan ku ƙara na kwana uku da ba a taɓawa. Ku ɗauki bargo mai kauri, domin sanyin dare a Abzin cikin Disamba ya fi na Jos cizo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato wannan magana ta "dama tafiyar daji ce". Kusan kullum sai na ji ta, kuma daga bakin mutane masu ilimi. An ɗauka tunda Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram dangi ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, to iyakar ma wasa ce. Manomin da gonarsa ke ɗaya gefen yana tsallakawa da jakinsa ba mai ce masa uffan, wannan gaskiya ne. Amma motoci huɗu masu lambar Najeriya, cike da jarkoki da kayan sadarwa, suna tafe a jere cikin daji, babu jandarman da zai gan su ya yi tunanin masu yawon buɗe ido ne. A idonsa ko 'yan fasa-ƙwauri ne ko 'yan bindiga, kuma a halin tsaron da yankin yake ciki ba lallai ne ya tsaya yin tambaya ba kafin ya ɗauki mataki.

A ce ma kun tsallaka lafiya. Daga Matamaye zuwa Damagaram, daga can zuwa Tanut har Agadas, tafiyar kilomita kusan 450 daga Damagaram kaɗai, shingayen 'yan sanda da jandarma da duwan, wato kwastam ɗin Nijar, suna nan a mashigar kowane babban gari, kuma abu biyu suke fara nema: hatimin shiga a fasfo, da takardar shigar da mota ta wucin gadi da duwan ke bayarwa a kan iyaka, wadda direbobi ke kira lesefase. Motar da ba ta da wannan takarda, a dokar kwastam kayan fasa-ƙwauri ce, ana iya tsare ta, kuma tarar da za a yanka maka za ta ninka kuɗin takardar sau da yawa. Dillalin da ya karɓi kuɗinku a lokacin yana Kano yana shan shayi, wayarsa a kashe. Na taɓa ganin wani bawan Allah zaune a kan benci a harabar wani ofishin duwan, kwanansa shida, motarsa a gabansa ƙura ta rufe gilashinta har yara sun yi rubutu da yatsa a kai, yana ta kiran lambar da ba ta shiga.

Masu cewa yarjejeniyar ECOWAS ta ba kowa damar wucewa ba su karanta ta ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 biza ta ɗauke na tsawon kwana 90, amma ta shardanta takardar tafiya ingantacciya da katin rigakafi, kuma ta mashigar hukuma. Ban da haka, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, bayan an rufe iyakar tun juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Saboda haka labarin wanda ya yi tafiyar shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ne a yau. Ku je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano da ƙafarku, ku faɗi inda za ku da yawan motocinku, ku ji abin da ake bukata a wannan watan.

Akwai kuma abin da ya fi kwace mota muni, wanda masu wannan zance ba sa kawowa. Rajistar da kake gani kamar ɓata lokaci ita ce kaɗai shaidar cewa kana cikin hamada. Kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi a Agadas yana miƙa wa hukuma takardar hanya mai ɗauke da sunayen matafiya da lambobin motoci da rijiyoyin da za a bi da ranar dawowa, kuma hukuma ce ke yanke ko sai da rakiyar soja. Idan ranar ta wuce ba ku fito ba, akwai wanda ya san inda zai fara nema. Wanda ya shiga a ɓoye, ko ya ɓata ba wanda zai tashi nemansa, domin a takarda bai shiga ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance suke, wato ƙasar Matamaye da za ku ratsa da zarar kun bar Kwangwalam. Hamadar da ta cinye su ba ta bambanta mai neman abinci da mai yawon shaƙatawa.

Don haka ku raba dillali da jagora. Ku nemi yin magana da jagoran kansa, ya aiko muku da hoton lasisin kamfaninsa, ya faɗa muku wa zai shigar da takardar hanya, da wayar tauraron ɗan Adam nawa ke cikin ayarin. Jagoran kirki ba zai yarda ya karɓi baƙon da ba shi da hatimin shiga ba, domin lasisinsa ne zai tafi. Idan ya goyi bayan shiga ta ɓarauniyar hanya, to ku fasa tafiya da shi gaba ɗaya, domin wanda ya raina doka a kan iyaka zai raina lissafin ruwa a Tenere. Ku kuma sani cewa an binne nakiyoyi a sassan Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, musamman wajen Iferwan, shi ya sa ake bin sawun motar jagora taya bisa taya, ba a ratsewa don ɗaukar hoto. A 2025 ma an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa, saboda haka idan hukuma ta ce wani yanki a rufe yake, ku sauya hanya ba tare da gardama ba.

Takardun da za ku riƙe ba su da yawa. Fasfo mai sauran wa'adi aƙalla wata shida. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ku yi allurar da gaske, ku bar sayen katin bogi a tasha, ku haɗa da ta sanƙarau tunda lokacinta ke nan. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mota na asali waɗanda lambar shasi da ke jikinsu ta dace da ta jikin ƙarfe, harafi da harafi. Idan motar ba da sunanka take ba, sai da takardar izinin mai ita da hatimin kotu. Inshorar mota ta ECOWAS da ake kira Brown Card kuwa ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara motarka, kuma ka sa kamfanin ya rubuta maka cewa tana aiki a Nijar. In ya ƙi rubutawa, ka sayi inshorar can a kan iyaka.

Kada ku cika jarkoki da mai daga gida, domin tun 2019 kwastam ɗin Najeriya suke tsananta wa man da ke kusantar iyaka. Ku tsallaka da jarkoki wayam, ku cika su a Damagaram, inda matatar man Soraz take tun 2011, ku sake cikawa a Agadas, kuna lissafin cewa rairayi na iya ninka shan man mota. Wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya da na'urar oba-oba ku bayyana su a kan iyaka a rubuta, ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuwa ku bar shi a gida. Ku isa Kwangwalam da sassafe da kwafin kowace takarda guda goma da kuɗin sefa ƙanana, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit.