Tabarau ba ya jawo sankarar fata, amma yakan ɓoye ta

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki: Mama ta yi shekara da shekaru tana sa tabarau na asibiti, yanzu inda yake zama a karan hancinta ya yi baƙi, gefe ɗaya ma har ya ɗan tasa, kuma an ce muku gilashi yana tara zafin rana ya zuba wa fuska har ya zama ciwon daji. Na ga wasu sun ba ki shawarar ta ajiye shi gaba ɗaya. Don Allah kada ta ajiye. Dattijuwar da aka raba da gilashinta, tuntuɓe a bakin ƙofa da kuskuren shan magani sun fi kusa da ita nesa ba kusa ba a kan cutar da kuke tsoro.

Ni ba likita ba ne. Sana'ata yankan gilashi da daidaita firam, a cikinta na yi furfura, kuma hancin mutane da bayan kunnensu su nake kallo daga safe har yamma. Daga nan zan yi miki bayani, sai abin da na tsinta wurin likitocin ido da na fata da muke tura musu mutane.

Tabarau ba ya cikin abubuwan da aka san suna haddasa sankarar fata. Babbar mai laifi a fuska ita ce rana, wato wani sashe na haskenta da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Cibiyar binciken ciwon daji da ke birnin Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 1992 ta sa hasken rana a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Ki dubi kuma Ostireliya, wadda ke sahun gaba a duniya wajen yawan wannan cuta. A 1981 suka fara gangamin cewa a sa riga, a shafa man kariya, a sa hula mai faɗi. A 2007 suka ƙara abu biyu: a nemi inuwa, a sa tabarau. Mutanen da cutar ta fi gallaba su ne ke cewa a sa.

Maganar tara rana kuwa na san inda ta samo asali. Kowa ya taɓa ganin yara suna ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu. To ki ɗauko takardar gwajin idon Mama ki duba lambar. Idan alamar ragi ce a gabanta, kamar -2.00, wato na masu kasa hangen nesa, wannan gilashi watsa haske yake yi, ko kwana za ki yi da shi a rana ba zai ƙona komai ba. Idan alamar ƙari ce, irin na karatu da yawancin dattawa ke sawa, shi kam yana tattara haske, amma a ina? Mai lamba +2.00 sai a nisan santimita 50 bayansa hasken yake haɗuwa. Ko mai kauri sosai, +10.00, sai a santimita 10. Tsakanin gilashi da ido kuwa ba a kai santimita 2 ba. Hasken bai samu filin haɗuwa ba ya riga ya isa fuska. Ga shi kuma yawancin gilasan yanzu ba kwalba ba ne, roba ce, kuma wannan roba tana tare UV da yawa. Nau'in da ake kira folikabonet kusan duka yake tarewa. Fatar da ke bayan gilashi ta fi kumatu da goshi samun kariya.

To mene ne ya fito wa Mama a hanci? Mafi yawan abin da nake gani baƙin tabo ne kawai, biyu, dama da hagu, daidai inda 'yan robobin nan biyu suke dafe hanci. Fatarmu ta baƙaƙe haka take: duk inda aka daɗe ana dannawa ana gogawa, ga gumi, sai ta ƙara duhu. Tamkar tabon salla ne a goshi, kuma ba wanda ya taɓa cewa sujada na kawo daji. Wasu kuma ƙarfen firam ne jikinsu ba ya so. Firam mai araha yawanci akwai sinadarin nikel a ciki. Da fentin ya goge, gumi ya taɓa ƙarfen, sai wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ya yi ruwa, musamman a gefen kai inda hannun tabarau ya bi. Za ki ga har wani kore-kore ya taru a gindin robar hanci. Wannan canjin firam yake so, a koma na roba ko na titaniyam.

Akwai na uku, wanda shi ne yake tayar da hankali, kuma da kika ce gefe ɗaya ya tasa shi ya fara faɗo mini a rai. Wani ɗan tudu ne mai tauri, yakan fito a gefen karan hanci ko a lungun bayan kunne, galibi gefe ɗaya, saboda firam ya karkace nauyi ya koma can. Alamarsa ita ce tsaga a tsakiya. Idan kika mayar da tabarau fuska za ki ga ƙarfen ya faɗa cikin tsagar nan cif, kamar don shi aka yi ta. Likitocin fata sun san shi tun shekarun 1960, suna kiransa akantoma fisuratum. Ba daji ba ne. Fata ce ta gaji da matsi ta yi kauri don ta kare kanta, kuma idan aka ɗauke matsin yakan baje a hankali cikin makonni zuwa 'yan watanni. Na sha ganin sa a bayan kunnen tsofaffi masu gilashi mai nauyi waɗanda suka matse hannun firam da kansu don kada ya riƙa zamowa in sun sunkuya.

Matsalar ita ce tudun nan yana kama da nau'in sankarar fata da ta fi yawa a duniya, wadda ita ma hanci ne wurin da ta fi so, don shi ya fi komai a fuska fitowa rana. Kamar da suke yi har ta kai likita ma wani lokaci sai ya yanki ɗan ƙanƙanin nama an duba a ɗakin gwaji kafin ya rarrabe. A nan haɗarin tabarau yake a ganina. Mutum yana da ƙurji a hanci, ga abin ɗora wa laifi a kusa, sai ya ce ai gilashi ne ya goge ni, ya yi ta jira.

Wani malamin firamare, zabiya, ya taɓa zuwa shagonmu a canza masa robar hanci. Ya naɗe ta da auduga ya ɗaure da filasta, har audugar ta yi dauɗa. Da na cire masa tabarau sai ga ƙurji a gefen hancin, bakinsa ya tasa zagaye, tsakiyarsa ya lotsa, da busasshen jini a kai. Ya ce wata da watanni ke nan: ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya ce ya warke, sai ya dawo. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙurjin ba a ƙarƙashin robar yake ba, yana ƙasa da ita da kaɗan, inda babu abin da ke taɓa shi. Babu tsaga. Na dubi saman kunnuwansa da leɓensa na ƙasa, duk wasu ɓawo-ɓawo masu kaushi. Na gyara masa robar, amma na ce Malam, wannan ba aikin shago ba ne, asibitin koyarwa za ka, sashen fata. Ya ɗan yi gardama, yana cewa hutu ya kusa, sai an yi hutu. Allah Ya taimaka matarsa na wurin, ita ta tsaya kai da fata. Gwaji ya nuna daji ne, aka cire, aka ɗan yi masa dashen fata a wurin. Da ya dawo yin sabon tabarau, malafa ce a kansa.

Wanda ya gan shi zai ce ga shi nan, mai tabarau ya kamu da daji a hanci. Alhali tushen abu biyun ɗaya ne. Sinadarin melanin da ke ba fata launi yana kare ta daga rana, kuma ido ma yana buƙatarsa tun yana ginuwa. Shi ya sa kusan kowane zabiya yana da raunin gani, ido na rawa, haske na damunsa, dole ya sa tabarau. Rashin sinadarin nan kuma shi ya bar fatarsa a buɗe ga ranar ƙasarmu. Sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka tun da ƙuruciya, abin da ake ta nanatawa duk ranar 13 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu. Haka batun shekaru: daga 40 zuwa sama ido ke fara neman gilashin karatu, kuma da tsufa ne ranar da fata ta sha tun yarinta take fara nuna kanta. Masu tabarau da masu cutar sukan zama mutane ɗaya ba don ɗaya ya haifi ɗaya ba.

Idan Mama baƙa ce ko wankan tarwaɗa kamar yawancinmu, haɗarin daji daga rana kaɗan ne ƙwarai a kanta. Mu inda ya fi kama mu daban ne: tsohon gyambo da ya ƙi warkewa, tsohon tabon ƙuna, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley daga farcen yatsan ƙafa nasa ya fara, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Sai dai zan yi wata tambaya, ki yi haƙuri da ni: tana shafe-shafen man ƙara haske? Man bilicin yana kashe garkuwar nan ta melanin, masu sinadarin siteroyid kuma suna sa fata ta yi siriri har tabarau mara nauyi ma ya ji mata ciwo. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka daɗe suna shafa shi suka kamu da sankarar fata a wuraren da rana ke duka. Kuma kada a ce za a goge baƙin tabon hancin da irin man nan, ƙara ɓata wurin zai yi.

Ga abin da zan yi da mahaifiyata ce. A kai tabaran shagon da suka san aiki, ba mai tallar gilashi a bakin titi ba. A ɗora shi a kan tebur a ga ko ya karkace, a buɗa robobin hanci su kwanta da faɗinsu maimakon su soki fata da gefe, a sa masu laushi na silikon, a sassauta bayan kunne. Idan gilashin mai kauri ne a tambayi na roba mara nauyi, a ce kuma a sa mai kariyar UV400. In tana da wani tsohon tabarau mai zama daban, ta riƙa sa shi a gida wurin ya huta. Ki ɗauki hoton wurin da waya yau, a cikin haske mai kyau, ki sake ɗauka duk mako, don ido yana sabawa da abu ya kasa ganin yana girma.

Idan an ɗauke matsi wata ɗaya ya wuce tudun bai fara sauka ba, a tafi asibiti. Idan kuwa yana zubar da jini da ɗan taɓawa, ko ya zama ƙurji mai yin ɓawo yana dawowa, ko yana faɗaɗa, ko yana sheƙi, ko ba daidai inda firam ke taɓawa yake ba, kada a jira watan ma. Haka duk wani ƙullutu a fatar ido, musamman ta ƙasa, wanda ya sa gashin ido zubewa. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Abin da ya shafi fatar ido kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna na nan. In kun yi nisa da waɗannan, babban asibitin da ke kusa zai rubuta muku takardar turawa.

Na san za a samu mai cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu. Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Ɗan naman da ake yanka don gwaji ƙanƙani ne, da allurar kashe zafi ake yi, a ranar mutum ke komawa gida. Nau'in nan da ya fi fitowa a hanci da wuya ya yaɗu zuwa sauran jiki, a wurin yake zama yana cin nama a hankali, shi ya sa cire shi yana ƙarami aiki ne mai sauƙi, barinsa kuma yakan kai ga rasa gefen hanci ko fatar ido. Kada a sa masa toka, ko kanwa, ko a ƙona shi.

Ki duba yau da dare in ta cire tabaran: akwai tsaga a tsakiyar tudun, kuma robar tana faɗawa ciki? Ki faɗa mini abin da kika gani da lambar gilashinta, sai in gaya miki irin firam ɗin da zai fi zama mata. Allah Ya ba Mama lafiya.