Tumatirin da na ajiye a kwalba ya kumbura, a ina na yi kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Zariya nake. Bana na shuka tumatir a buhuna a bayan ɗaki wajen gindi 30, kuma Alhamdulillah ya yi 'ya'ya har ya fi ƙarfin miyarmu. Sai na markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, na tafasa na zuba a kwalaben Bama, na tsiyaya man gyaɗa a sama na rufe. Yau sati uku, guda 4 murfinsu ya kumbura suna kumfa, sauran 6 lafiya lau nake ganinsu. Zan iya yin miya da sauran? Kuma wane iri zan shuka baɗi tunda ajiya nake so?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa hannu albarka. Gindi 30 a buhu ba ƙaramin aiki ba ne.

Bari in fara da wanda ya fi damuna. Don Allah ki zubar da su duka goman, har waɗanda kike gani lafiya lau, kuma kar ki ɗanɗana wai don ki ji ko ya lalace, kar ki zuba wa kaji. Na san da ciwo, amma ga dalili. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, sunanta Clostridium botulinum, tana iya biyo kayan lambu ta shiga kwalba, kuma ƙwanta ba ya mutuwa a tafasar ruwa ta yau da kullum. Wurin da take so shi ne inda babu iska, babu tsami, ga ɗumi, wato dai kwalbar da aka cika da jajjage aka rufe da mai aka ajiye a kicin. Gubar da take fitarwa ba lallai ta canza wari ko kala ba, shi ya sa ido ba ya raba gardama. In wani a gidan ya riga ya ci, a lura da shi, idan ya fara ganin abu bibbiyu ko fatar idonsa na saukowa ko haɗiya na yi masa wuya, a kai shi asibiti a lokacin, kar a jira gari ya waye.

Kuskuren a wajen haɗin yake. Tumatir shi kaɗai yana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH yana kusa da 4.6 wanda shi ne iyakar da ƙwayar ke kasa tsiro, amma tattasai da albasa da attaruhu ba su da wannan tsamin, to da kika haɗa su sai suka rage na tumatirin. Man da ake zubawa a sama kuma iska kawai yake tarewa, ba ya kashe komai. Irin wannan haɗin sai dai firiza, ko tukunyar matsi ta musamman da ake yi don ajiyar abinci wadda zafinta ke kaiwa digiri 116, kuma ba kowane gida ke da ita ba.

Yadda za ki yi a gaba: tumatir zalla. Ki zaɓi nunanne mai ƙarfi, banda wanda ya fashe ko tsutsa ta huda ko ya fara laushi, banda wanda aka tsinko a jikin gindin da ya riga ya mutu. Ki wanke ki markaɗa ki dafa har ruwan ya ja ya yi kauri, kilo 2 zuwa 3 na ɗanye ne ke ba da lita 1, ya danganta da kaurin da kike so. Ki wanke kwalabe su zauna cikin ruwan zafi kafin zubi. A kowace kwalbar rabin lita ki fara sa ruwan lemon tsami babban cokali 1, ta lita 1 kuma cokali 2. In kin samu garin sitirik asid wajen masu sayar da kayan kek ya ma fi, domin tsaminsa ba ya canzawa, kwatan ƙaramin cokali a rabin lita, rabin ƙaramin cokali a lita. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa suna cewa miya za ta yi tsami, to ai ranar girki ɗan sukari kaɗan yana gyara ta. Sai ki zuba tumatirin da zafinsa, ki bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya daga baki, ki goge bakin tsaf ki rufe.

Daga nan kwalaben su ma sai an dafa su. Ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin babbar tukunya don kar su fashe, ki jera su a tsaye, ruwa ya haye kan murfin da kamar yatsu biyu. Lissafin lokaci daga sanda ruwan ya fara tafasa sosai ne, minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita, wannan ya yi wa Zariya da Kano, amma wanda ke Jos ya ƙara minti 5 saboda a kan tudu ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ake so ba. In kin tsame ki bar su wuri ɗaya har washegari kar a taɓa. Ki danna tsakiyar murfin, in ya lotsa ciki ba ya motsi to ya kama, wanda ke ƙas-ƙas a yi miya da shi a ranar. Murfi ya zama na ƙarfe mai lafiyayyen danƙo a ciki, sabo in da hali, mai tsatsa ko na roba ba ya yi. Ki rubuta kwanan wata, ki ajiye a inuwa, a cinye cikin shekara ɗaya. Ranar da kika buɗe ki bari ya tafasa aƙalla minti 10 a cikin miya.

Su tattasai da attaruhu ki shanya su daban, dama haka iyayenmu ke yi. Shi kansa tumatirin in kwalabe sun ƙare ki yanka ki yi kauɗa, amma a kan tabarma ko tire a sama an lulluɓe da raga, kar a baza a ƙasa.

Maganar iri kuma, mai ajiya tsoka take nema, ruwa gawayinta kawai zai cinye. Roma VF da UC82B su nake fara ba wa mutane shawara, suna da tsoka da ƙarancin ruwa, gindinsu ba ya tsawo sosai don haka buhu ya ishe su, kuma suna nuna kusan lokaci ɗaya ta yadda za ki haɗa aikin kwalba a 'yan kwanaki. Sannan kina iya cire irinsu ki ajiye na baɗi. Duk wanda kika ga an rubuta F1 a jikin ledarsa, irin su Cobra da Padma da Platinum, haɗaɗɗen iri ne, yana ba da amfani kuma ya fi jure damina da ciwon da ke sa gindi ya yanƙwane farat ɗaya, sai dai in kika cire 'ya'yansa kika sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba, duk shekara sai an sayo sabo.

Ki yi reno a watan Oktoba, bayan sati 3 zuwa 4 ki yi dashe, ya girma cikin sanyin hunturu kamar yadda manoman rani na Kadawa da Kura ke yi. In aka makara fure ya haɗu da zafin Maris da Afrilu, zubewa yake yi ko da ganyen ya yi kore shar. Roma tana da hali ɗaya, in ban ruwa ya zama yau an ba ta gobe an manta, sai ƙasan 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa, a buhu ma abin ya fi yawa tunda ƙasar na saurin bushewa, don haka ki tsayar da lokacin ban ruwa ki rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa. Ki kuma riƙa duba ganye saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna sosai a Kano da Kaduna a 2016. Da kin ga ganye ya yi fari-fari kamar an ƙwaƙule cikinsa, ki tsinke shi ki ƙona tun ba ta shiga 'ya'yan ba.