Tambaya da Amsa: Zuwa Tsibirin Buyukada a Tsakiyar Zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan je Istanbul saro kaya a Laleli, kuma a watan Yuli ina son in tafi da mahaifiyata da yarana biyu. An ba ni labarin tsibirin Buyukada, wai ba a shiga da mota, sai iska da natsuwa. Ya dace mu ware masa yini guda? — 'Yar kasuwa daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Tsibirin yana da kyau, da tsofaffin gidajen katako da itatuwa masu inuwa. Sai dai natsuwar da aka ba ki labari ta watan Mayu ce ko Oktoba. A Yuli da Agusta, lokacin da mu muke cikin damina, su suna tsakiyar zafi da hutun makarantu, kuma jama'ar birni mai mutum sama da miliyan 15 nan suke tururuwa shan iska.

Wahala ta farko ita ce jirgi, don babu gada. Jirgin ruwan hukumar birni da ke tashi daga tashar Kabatash a ɓangaren Turai na Istanbul yana cin awa ɗaya da rabi ko fiye, saboda yana tsayawa a tsibiran Kinaliada da Burgazada da Heybeliada kafin ya kai Buyukada. Ranar Asabar da Lahadi kujeru kan cika tun a tashar farko, wanda ya makara a tsaye zai yi tafiyar. Ga dattijuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dawowa ta fi wuya, domin mutane kan shigo a rarrabe tun safe, amma da la'asar sakaliya kusan kowa ya nufi tasha a lokaci guda.

Shawararmu ita ce ki zaɓi Talata ko Laraba ko Alhamis. Daga Laleli ki gangara Yenikapi, ki hau jirgin ƙasa na Marmaray zuwa Bostanji a ɓangaren Asiya. Daga can tsallakawa ba ta cika wuce minti 45 ba. Ku kama jirgi kafin ƙarfe 9 na safe, ki zuba wa katinki na Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin sufuri na birnin, kuɗin zuwa da dawowa tun daga gari, kuma da kun sauka ki ɗauki hoton allon lokutan komawa. Ku juyo wajen ƙarfe 4. Kada ki dogara da jirgin ƙarshe, kuma kada ki sa ziyarar a ranar da jirginku na sama zai tashi, domin iska mai ƙarfi ko hazo kan sa a soke tafiyar ruwa. Ranakun hutun Sallah kuwa ki bar su gaba ɗaya, cunkosonsu ya fi na kowane lokaci.

Tambaya: Na ga hotunan keken doki a tsibirin. Da shi ake yawo? Ƙafata ba ta son doguwar tafiya. — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Malam, hotunan nan tsofaffi ne. An daina amfani da keken doki a 2020, bayan wata cuta mai yaɗuwa ta kama dawakan a ƙarshen 2019, ga kuma koke-koken da aka daɗe ana yi kan yadda ake wahalar da su. Yanzu ƙananan motocin haya masu lantarki na hukuma ne ke ɗaukar mutane. Ba su da yawa, kujerunsu kaɗan ne, layinsu a cikin rana yake, kuma baƙo ya fi ɗan tsibirin biyan kuɗi.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne tsibirin tudu ne. Gefen tasha da dandalin hasumiyar agogo ne kawai a shimfiɗe, da ka ɗan yi ciki sai hawa. Ƙaramin zagaye kusan kilomita 5 ne, babban kuwa kusan 12. Cocin Aya Yorgi da kowa ke son hawa don hangen teku yana kan tudu mai tsayin mita 200 da 'yan kai, kuma zangon ƙarshe, kimanin kilomita ɗaya, hawa ne mai tsauri a kan daɓen duwatsu. Ma'aunin zafi zai nuna 29 ko 30, ɗan Maraɗi ya ce wannan ai sanyi ne. To amma zafin teku ne mai laima, gumi ba ya bushewa, jiki kan mutu da wuri. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya haƙura da tudun nan. Kulawar asibiti a tsibirin taƙaitacciya ce, idan abu ya yi tsanani sai an tsallaka da mara lafiya ta ruwa.

Keken haya ma ba na kowa ba ne. Masu koyo sun yi yawa, gangarowa tana da gudu, motocin lantarkin kuma ba su da ƙara, sai sun zo dab da kai za ka ankara. Idan za ka hau, gwada birki biyun a gaban mai keken. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe hula da ruwa lita ɗaya da rabi.

Tambaya: Ya batun abinci da wanka a teku da wurin sallah? — Ɗalibi a Turkiyya

Amsa: Sallah ba matsala, akwai masallacin Hamidiye na zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu, hawa kaɗan daga tasha. Wanka kuwa akasarin wuraren na kuɗi ne, ana biyan shiga tare da kujera da lema, wasunsu ma a ƙaramin jirgi suke kwasar mutane daga kusa da tasha. Gaɓar ba yalwataccen yashi ba ce, kuma maza da mata a cakuɗe suke, wanda zai je da iyali ya san da haka tun daga gida. Shiga daji ma gwamnan Istanbul kan taƙaita shi a watannin zafi saboda gobara, ban da wuraren da aka keɓe, don haka kada ka yi shirin hura gawayi.

Gidajen cin kifi na bakin ruwa sun fi na cikin gari tsada, galibinsu kuma suna sayar da giya. Babban kifi da kilo ake sayar da shi: tambayi kuɗin kilo, a auna a gabanka, ku daidaita kafin a ɗora a wuta. Duk ƙaramin farantin da aka ajiye maka ba ka nema ba, tambayi ko na kuɗi ne kafin ka taɓa. Idan ka shiga layi biyu ko uku daga bakin ruwa, za ka samu masu miya da shinkafa da gurasa a farashin da ya fi sauƙi.